Muddin Dutse Na Juyawa

Direban da ya ɗauko mu daga Fas ta ƙasar Maroko ya tsaya a wata kwana tsakanin manyan duwatsu, ya ce mu sauka mu ɓuya, zai je gaba ya duba ko jami'ai sun sa shinge, ya dawo ya kwashe mu. Har yau bai dawo ba. Ban riƙe shi sosai a zuciya ba, don kafin shi mun sha hannun waɗanda suka fi shi iya cuta. A Tamanrasat mun yi ɗaukar bulo wa wani mai gini har bene ya tashi, ranar sallama ya ce bai taɓa ganin fuskarmu ba. A kan iyakar Aljeriya da Maroko wasu samari suka tsare mu cikin wani rami, suka raba mu da salula da takalma, suka bar mana gaisuwa. Shi wannan direban aƙalla ya bar mu da bargo.

Sunana Issufu. A gida, a wata tunga kusa da Korgom cikin ƙasar Tasawa, injin niƙa nake tuƙawa, kuma ba yabon kai ba, daga ƙarar inji kawai ina gane abin da ke damunsa. Da man gazuwal ya yi tsada, injin kuma ya tsufa ya fara cin abin da yake samowa, sai na bi Sale zuwa arewa. Sale taubashina ne, ɗan kawuna, tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba. Saboda kakata ta wajen uba Buzuwa ce, ni Buzu ne a bakinsa, ko a gaban manya. An gaya mana a kudancin Maroko, kusa da teku, akwai gonakin tumatir da ke ɗaukar ma'aikata ba a tambayar takarda. Can muka nufa.

Mu da yawa aka sauke a kwanar nan. Da rana ta karkata, kowa ya gane an yi mana sakiyar da babu ruwa, sauran suka kama titi suka yi gaba da ƙafa. Mu ba mu iya bin su ba. Tun daga ramin kan iyaka Sale yake tari, amma ba tarin ne ya fi ba ni tsoro ba. Cikinsa ne ya ƙi abinci. Duk burodin da ya haɗiye sai ya dawo, har wandonsa ya koma ɗaure da igiya. Mutumin da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai ya ɗora a amalanke, ga shi ina jin ƙasusuwan haƙarƙarinsa a bayana in na goya shi.

"Buzu, aje ni," in ji shi. "Ka tahi abinka. Ka ce ma Inna kura ta cinye ni."

"Wace kura za ta ɓata haƙoranta da kai? Riƙe wuyana."

Na hango hayaƙi can sama a cikin wani kwari, na bi hanyar awaki. A nan na fara ganin dusar ƙanƙara da idona, tana kwance a gefen duwatsu kamar an zubar da garin rogo. Ƙafafuna suka mutu cikin silifas. Sai na fara jin wani abu da ban saba ji ba: ruwa yana gudu shi kaɗai, ba guga, ba wasaki, ba jaki na ja. Mu da muke haƙa rijiya gaba da gaba kafin mu ga laima, ga ruwa nan yana wucewa ba mai tare shi. Ko a halin da nake ciki sai da abin ya ba ni haushi.

A bakin ruwan akwai wani ɗan ɗaki na duwatsu, ƙofarsa gajera, yana fitar da wata ƙara, ƙwas ƙwas ƙwas, a kan wani gurnani mai nauyi. Wani tsoho ya fito, gemunsa da girarsa duk gari. Ya dube mu, na dube shi. Larabcin da na tsinta a Aljeriya ya gudu daga kaina. Abin da ya fito daga bakina shi ne kalmar kakata, wadda take faɗa in tana son a miƙo mata ƙwarya: "Aman."

Tsohon ya ɗaga gira. "Aman?" Ya nuna ƙoramar. Na ɗaga kai. Ashe su ma haka suke ce wa ruwa. Ya yi wata magana mai tsawo da yarensu, ban tsinci komai ba, sai ya juya zuwa Faransanci. Ya yi aikin haƙar gawayi a Faransa da ƙuruciyarsa, ni kuma na yi lakkwal, makarantar boko, har aji shida kafin malam ya gaji da ni. Da wannan muka rayu. Sunansa Moha, amma kowa Dda Moha yake ce masa, kamar yadda za mu ce Baba wane. Ya kama ƙafafun Sale, na kama kafaɗu, muka shigar da shi.

Da idona ya saba da duhun ɗakin, sai na tsaya baki buɗe. Injin niƙa ne, amma babu inji. Sun taro ruwa daga sama ta wata 'yar magudana, suka zubo shi cikin wani dogon kututture da aka rarake kamar indararo. Ruwan yana faɗowa da ƙarfi a ƙarƙashin ɗakin, yana bugun wata ƙafa ta itace mai fukafukai kamar ludaya. Ƙafar tana juya wani gungume da ya huda daɓen, gungumen yana juya dutse a kan dutse. Sama da dutsen an rataye kwando mai tsinin gindi, da wani ɗan itace da ke tsalle a kan dutsen yana girgiza kwandon, hatsi na zuba kaɗan kaɗan. Shi ne mai ƙwas ƙwas ɗin. Na zagaya ina neman inda ake zuba mai. Dda Moha ya gane abin da nake nema, ya yi dariya har ya yi tari.

A gefen dutsen ya shimfiɗa wa Sale buhuna, don wurin yana da ɗan ɗumi. Matarsa Itto, wata 'yar tsohuwa mai zane a haɓa, ta kawo miyar sha'ir da burodi. Na cinye nawa kamar mahaukaci. Sale ya kurɓa sau biyu, ya juya ya amayar.

Washegari mutanen gari suka sauko kallonmu. Garin ƙarami ne, gidajen a manne da dutse, gonakinsu kamar matakala. A cikinsu akwai Birahim mai shago, shi ne mai zuwa birni, shi ya san doka. Ya yi ta magana da ƙarfi yana nuna mu yana nuna hanya. Ba sai an fassara mini ba. Daga baya Dda Moha ya ce tsoro yake ji, in jami'ai suka ji garin na ɓoye baƙi marasa takarda, shi za a fara kira. Ban ga laifinsa ba, amma na tsane shi. Dda Moha bai yi musu da shi ba, ya dai nuna dutsen da ke juyawa. Birahim ya tofar da yawu ya hau sama.

Na tambayi ma'anar haka. Tsohon yana gyara bakin buhu yana ba ni labari. Ya ce kwarin nan da ba kowa sai birai. Kakanninsu fari da rigimar gona suka koro daga ƙasa, suka hauro da awakinsu da irin sha'ir a ƙulle. Abin da suka fara yi shi ne magudanar ruwa. Na biyu ɗakin nan, tun masallaci bai samu rufi ba, don matansu tafin hannunsu ya tsage da niƙan hannu, ga aikin share duwatsu daga gona. Duwatsun niƙan daga bayan tsauni aka saro su, aka zura gungume a ramin tsakiya, mazan gari suka gangaro da su, wani ya bar ƙafarsa a hanya. A lokacin ba su da ɗakin baƙi, saboda haka duk wanda ya hauro kwarin, mayunwaci ne ko mai gudun wani abu, nan ake sauke shi. Sai suka kafa ƙa'ida: muddin dutse na juyawa a ɗakin nan, wanda ke ciki baƙon gari ne, ba a tambayarsa, ba a korarsa. In bazara ta zo aka karkata ruwa zuwa gonaki, dutse ya tsaya, to baƙo ya zaɓa, ko ya ɗauki fartanya ya zama ɗan gari, ko ya kama hanya.

"Kakan Birahim ma a kan buhunan nan ya fara kwana," in ji shi. "Ya manta ne."

Ya ce da irin ɗakunan nan jere suke a bakin ƙoramar, kowace zuri'a da nata. Samari suka tafi birni, injin lantarki ya zo garin da ke ƙasa, ɗaya bayan ɗaya rufinsu ya rufta. Nasa ne ya rage. Ya tambaye ni mu me muka fara yi a namu garin. Na ce rijiya. Kakana da ƙannensa suka baro wajen Mayahi neman sabuwar gona, suka sauka a dajin da ba kowa, suka yi ta haƙa har aka fara cewa sun haukace. Na gaya masa ranar da injin niƙa na farko ya iso tungarmu a kan amalanke, ina yaro, mata suka yi ta guɗa kamar an kawo amarya. Ya gyaɗa kai, ya ce mata ko'ina hannunsu iri ɗaya ne.

Tun daga ranar na san lissafina. Ƙanƙara ta rufe hanyar sama, hanyar ƙasa kuma akwai jami'ai. Sale ba zai iya tafiyar ko zangon kusa ba. Ransa yana rataye da dutsen nan. Da safe kafin in yi salati sai na kasa kunne in ji ƙwas ƙwas.

Na kama aiki ba a sa ni ba. Ina fasa ƙanƙarar da ta daskare a magudana, ina ɗaukar wa mata buhu, ina share gari. Dda Moha ya koya mini yadda ake ɗaga allon da ke buɗe ruwa da yadda ake sauke shi. Mata suka daina rufe fuska in sun gan ni, wata ma ta kawo mini tsohuwar rigar ulu ta mijinta. Amma Sale kullum baya yake yi. An gwada shayi, an gwada zuma, an gwada wani ganye mai ɗaci. Idanunsa suka faɗa. Har tsokanar ya rage, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan.

Wata safiya ya kira ni da murya ƙasa ƙasa.

"Buzu, na yi mahwalkin Inna tana dama kunu. Na tsamiya. Har na ji ƙamshi nai."

"To ka sha?"

"Kai ka tashe ni da minsharin tsiyakka."

Na fita waje don kada ya ga fuskata. Ina gero a ƙasar da ba ta san komai ba sai sha'ir da alkama?

A ranar na kai wa Itto gari gida. Tana buɗe wata tukunya sai na hango wasu 'yan ƙwayoyi a ƙulle cikin tsumma. Na nuna da hannu, na sake jawo wata kalmar kakata: "Enele?" Ta dube ni, ta kwance ƙullin. "Illan," in ji ta. Gero ne. Ƙanana ne, sun fi namu duhu, amma gero ne. Dda Moha ya ce ba sa nomansa, daga kudu ake kawowa, ana ajiye shi don mai jego da wanda ya karye. Na yi mata kwatancen Sale da hannu, na kwatanta sha. Sai ta juye mini kusan rabin tiya a hular kaina.

To a nan ne sana'ata ta ci ni. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ba a yin kunun kirki da busasshen gari. Sai an jiƙa gero ya kwana, ya yi taushi, a kai markaɗe, a tace. Shekara da shekaru mata na kawo mini jiƙaƙƙen gero a bokiti ina zuba wa inji, yana fitar da ƙullu sumul. Ko sau ɗaya ban yi tunanin tambaya ba. Wa zai tambayi yadda ake niƙa gero, ni da aka haifa a cikinsa? Na jiƙa shi ranar Alhamis.

Ranar Juma'a Dda Moha ya hau masallaci da sauran maza, ya bar ni da dutsen yana cin sha'ir ɗin wata mata. Ni ban je ba don jikin Sale ya yi zafi. Da sha'ir ya ƙare na share dutsen, na tsane gerona, na juye a kwando. Da farko lafiya lau. Can sai gurnanin ya sauya, ya yi nauyi, kamar saniya mai naƙuda. Ƙullu ya fara fitowa ta gefe, sannan ya daina. Dutsen ya rage gudu. A wurinmu in inji ya yi nauyi haka, wuta ake ƙara masa ya wuce wurin. Na ruga waje na ɗage allon ruwan gaba ɗaya.

Na ji ruwan ya bugi ƙafar da ƙarfin da ban taɓa ji ba. Ɗakin ya girgiza. Sai wani abu ya ce ƙaras a ƙarƙashin daɓe, ƙafar ta ci gaba da juyawa ita kaɗai a banza, dutsen kuwa ya tsaya cak.

Ban san ƙarar nan ta cika kwarin ba sai da ta ɗauke. Shirun ya kai har masallaci. Na sauke allon, na tsaya a bakin ƙofa, ina ganin maza suna gangarowa a jere cikin fararen rigunansu, ba mai gudu, ba mai magana. Sale ya ɗago kai da ƙyar.

"Mi ka yi, Issufu?"

Sunana ya kira.

Dda Moha ya shiga ya taɓa ƙullun, ya murza a yatsa, ya sansana. Ya leƙa ƙarƙashi. Ya daɗe a can. Da ya fito bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya ce dutse ba ya cin jiƙaƙƙen abu, ƙullun ya cike tsagogin ya manne duwatsun biyu kamar da danƙo, ruwan da na ƙara kuma ya karya ƙarfen da ke haɗa gungumen da dutsen sama. Ƙarfen nan tun na kakansa ne. Gyaransa sai maƙerin garin ƙasa.

Birahim bai ma ɗaga murya ba wannan karon. Ya nuna dutsen, kamar yadda aka nuna masa a baya. Maza suka yi ta gyaɗa kai. Gaskiyarsu ce: tsakiyar sanyi ne, kowane gida na da yara, ga baƙo ya kashe musu abin niƙa. Na durƙusa a gabansu, na haɗa Faransanci da Larabci da Hausa, na ce ni ku kore ni, ku yi mini duk abin da kuka ga dama, amma wannan in kun fitar da shi gawa za ku ɗauka a bakin ƙoramarku. Wasu suka kawar da kai. Birahim ya ce, ta bakin Dda Moha, ba su suka kafa ƙa'idar ba, kuma ba su suka tsayar da dutsen ba.

Ana cikin haka sai aka ji ana turo mutane daga baya. Itto ce, ta rungumo wani abu mai nauyi a zaninta, tana nishi. Ta wuce tsakanin maza kamar ba ta gan su ba, ta shiga ɗakin, ta zauna dirshan kusa da kan Sale. Ɗan dutsen niƙan hannu ne, irin mai marfi da ɗan itacen juyawa, ya yi baƙi don tsufa. Ta zuba sha'ir tafi ɗaya a raminsa, ta kama itacen, ta fara juyawa. Gur, gur, gur. Sannan ta ɗago ta yi wa Birahim magana guda, gajera.

Wani tsoho a baya ya fashe da dariya, ya toshe baki. Na dubi Dda Moha. Ya ce, "Ta ce kakanni dutse suka ce. Ba su ce babba ba."

Aka yi ta muhawara a waje har la'asar, ita kuwa ba ta tsaya ba. In hannun dama ya gaji ta koma hagu. Da ta gaji gaba ɗaya wata maƙwabciyarta ta karɓa, ba wanda ya kira ta. Mu kuma muka sa gungume muka ɗaga dutsen sama, na durƙusa ina kankare ƙullun daga tsagogi da cokali. Zan zubar, Itto ta daka mini tsawa, ta miƙo kwano. Na tace shi da gefen kallabinta, na dama a kan wutar Dda Moha. Babu tsamiya, sai ta matsa wani abu mai tsami kamar lemo. Na tallafi kan Sale na kai masa baki.

Ya kurɓa. Na jira ya juya ya amayar. Ya sake kurɓa. Ya riƙe kwanon da hannunsa biyu ya shanye, ya lashe gefen. Muka zuba masa ido ni da tsohuwar, ba mai motsi. Kunun ya zauna.

"Ba yajin kirki, ba tsamiya," in ji shi. "Buzu dai bai iya komi ba. Akwai saura?"

Na yi kuka a gaban matan mutane, ban ji kunya ba.

Hukuncin da maza suka yanke shi ne: mara lafiya zai zauna muddin matan sun iya riƙe ɗan dutsensu. Amma gari ba zai ci daga tafin tsohuwa ba. Dole a sauke hatsin gari zuwa injin lantarki na ƙasa a niƙo, a kai ƙarfen wurin maƙeri. Alfadarai biyu, tsoho ɗaya, hanya mai santsi. Wanda ya ɓata shi zai yi dakon. Kowa a wurin ya san abin da ke jiran baƙar fata mara takarda a garin ƙasa, ni ma na sani. Dda Moha ya ce in ban so ba zai nemi wani. Na dubi matan da ke juya dutse saboda ɗan'uwana, na ce da safe za mu tafi.

Ban gaya wa Sale gaskiya ba. Na ce masa za mu je mu dawo kafin magariba.

"Ka sawo mini tsamiya," ya ce.

Mun sauka lafiya. Maƙerin ya karɓi ƙarfen ya ce a ba shi zuwa azahar. Na yi ta jigilar buhuna zuwa injin, na ja hular rigar ulun har hanci, ina tafe ina kallon ƙasa. Injin kuwa irin nawa ne sak, sai dai na wuta, har hannuna ya yi ƙaiƙayin taɓa shi. Mun ɗaure buhu na ƙarshe a kan alfadari, Dda Moha ya karɓo ƙarfensa yana sa shi a jaka, sai na ji hannu a kafaɗata.

Su biyu ne, cikin kayan sarki. Ba su yi mini wulaƙanci ba. Babban ya tambayi takarda, na ce babu. Ya dubi alfadaran, ya dubi garin da ya yi mini fari a jiki, ya dubi tsohon.

"Tare kuke? Daga sama kuka zo?"

Dda Moha bai ko kalle ni ba. Ya ce ɗan dako ne ya tsinta a bakin kasuwa yanzun nan, bai san daga inda ya fito ba. Na san dalilin da ya sa ya faɗi haka, na san shi ne daidai, amma sai da maganar ta soke ni.

Jami'in ya juyo gare ni. "Ku ba kwa tafiya ɗaya ɗaya. Ina 'yan'uwanka?"

Na ce, "Ni kaɗai ne. Ba ni da kowa a ƙasar nan."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya nuna mini mota. Ta tagar bayanta na ga tsohon ya ja alfadaransa ya kama hanyar sama, a hankali, yana dafa gwiwa. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa, kuma duk wanda ya yi hanyar nan ya san shi: wani ɗaki cike da mutane, wata doguwar mota, wani gari da ban san sunansa ba, jira, sannan masu mayar da mutane gida suka rubuta sunana. Jirgi ya sauke ni a Yamai, mota ta kawo ni Tasawa, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni tunga a kan moto. Na iso da rigar ulu a jaka, a tsakiyar zafin bazara.

Kafin in shiga gidanmu na wuce gidan kawu. Inna, mahaifiyar Sale, tana tsakar gida tana sheƙar gero. Ta dubi bayana, ta ga ba kowa.

"Ina ka baro mini ɗa?"

Na zauna a ƙasa na ba ta labari tun daga farko. Na ce na bar shi da rai, yana shan kunu, a hannun mutanen kirki. Ta saurara har ƙarshe.

"Kai ka ga hanyar gida," ta ce. "Shi bai gani ba."

Ta ɗauki faifanta ta shiga ɗaki. Daga ranar ta daina amsa gaisuwata. Kullum da safe ina zuwa in durƙusa a ƙofarta, kullum ta juya mini baya. Mutanen tunga ba su ce mini komai ba, amma in na zo majalisa sai hira ta canza. Ni kaina na fara shakka. Bazara ta yi a can ma, an karkata ruwa zuwa gonaki. Ko ƙarfen ya zauna? Ko matan sun gaji kafin a gyara? Garin ba rezon salula, ni ba lambar kowa. Na rame fiye da yadda na rame a hanya.

Sai bayan an yi shuka, ranar kasuwar Korgom, mai cajin salula ya aiko a kira ni da gudu. Lambarsa ce duk ɗan tungarmu ya haddace kafin ya fita. Ya ce wani ya kira daga waje, zai sake kira. Ban tsaya jira a rumfar ba. Na karɓi salular na hau moton wani ban ko tambaye shi ba, na yi gidan kawu. Tana ƙara a hannuna ina shiga zaure, na ɗauka.

"Buzu? Ina tsamiyata?"

Muryar ta yi siriri amma tasa ce. Ya ce ya sauko garin ƙasa ne da tsohon. Ya ce da aka tsayar da dutse ya ɗauki fartanya, sai ya tara na mota zai taho. Ban bari ya gama ba na kutsa tsakar gida na miƙa wa Inna. Ta ƙi karɓa, sai na kara mata a kunne da hannuna. Ina jin muryarsa ƙasa ƙasa daga inda nake durƙushe.

"Inna, ni ne. Ina cin abinci, Inna. Komi aka ba ni ina ci."

Ta riƙe hannuna da ke riƙe da salular, ta matse, har kuɗin kiran ya ƙare layin ya yanke. Sannan ta share fuska da gefen zane, ta dube ni sama da ƙasa, karo na farko tun dawowata.

"Kai kuma dubi yadda ka koma," ta ce. "Zamna nan in kawo maka hura."